Jan Haske a Yatsan Elsie

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana

Na'urar ta iso yau a motar wasiƙu, cikin wata jaka mai ruwan toka, tare da maganin tumakin da mijina Wade ya aika a kawo. Wata bakwai muna jiran ta. Na buɗe a kan teburin kicin sai na ga abin bai fi wayar hannu girma ba: ɗan akwati, igiya, da filasta mai ɗan jan haske da za a naɗa wa 'yarmu Elsie a babban yatsan ƙafa. Wai shi zai kwana yana auna iskar da ke cikin jininta, mu mayar da shi asibitin birni, su duba su ce ko da gaske numfashinta yana ɗaukewa a barci. Ko da gaske. Ni da na shekara biyu ina ji da kunnena.

Noelene, nas ɗinmu ta garin Wudinna, ta yi mini bayani tun bara. In na'ura ta nuna abin ya yi tsanani, cikin 'yan makonni za a cire wa Elsie naman da ya toshe mata maƙogwaro da bayan hanci. In ba ta nuna ba, sai layi, layin kuma shekara ɗaya da rabi ne. Yarinyar duka-duka shekararta huɗu.

Wade ya juya akwatin a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin abin ne zai gaya mana abin da karnukan gidan nan ma suka sani?"

Sun haɗo da takarda mai layi biyar, wai in rubuta yadda daren ya kasance. Layi biyar ba za su ishe ni ba, shi ya sa na ɗauko wannan tsohon littafin daga aljihun tebur.

Laraba, 4 ga Yuni, bakwai saura kwata na safe

Hunturu ne a nan, raɓa ta daskare a gilashin a-kori-kura. Jiya da na naɗa mata abin Elsie ta ɗaga ƙafa sama ta ce, "Mama, kalli, yatsana ya zama fitilar bayan tarakta." Sai da ta sa ubanta ya yi mata ƙarar mota mai ja da baya, ta shiga bargo da baya-baya.

Takardar ta ce yaro ya kwana yadda ya saba, kada a canza komai. Ban canza komai ba.

Minshari kamar kullum. Fitsarin kwance wajen asuba, na canza zanen gado ba tare da na taɓa igiyar ba. Ta tashi da ciwon kai, ta ƙi cin burodi, ta jefi kare da cokali. A layi biyar ɗinsu na rubuta: daren da aka saba.

Kafaɗata ta dama tana ciwo.

Juma'a, 6 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Na miƙa wa mai motar wasiƙu jakar hannu da hannu, na ce kada ya ɗora mata komai a kai. Tumaki sun fara haihuwa a filin arewa.

Alhamis, 12 ga Yuni, uku da rabi na yamma

An kira daga asibiti. Wata mai sanyin murya, sunanta Linh, ita ce take karanta abin da na'urori suka ɗauko. Suna bukatar awa shida masu kyau. Namu awa biyu da minti goma ne, sauran duk shirme.

"Ƙafarta ta yi sanyi ne," in ji ta. "In yatsa ya yi sanyi na'urar ba ta samun jini sosai, sai ta yi ta lalube. Kuna da abin ɗumama ɗaki?"

Na ce mata muna da murhun itace a kicin, da gidan dutse da kakan kakan mijina ya gina, mutumin da ya ɗauka sanyi tarbiyya ce. Ta yi dariya. Ta ce da na sa mata safa a kan filastar, ai yana shafi na uku. Na ce ni shafi biyu na gani. Bayan mun gama na same shi, shafi na ukun, manne a gindin kwalin maganin tumaki.

Wata bakwai, saboda safa. Ban yi kuka ba, ba ni da ƙarfinsa. Za su sake aiko da wata.

Asabar, 14 ga Yuni, tsakar rana

Malamar makarantarsu ta ce Elsie ta sake yin barci a kan teburin zane, fuskarta duk fenti.

Laraba, 18 ga Yuni, bakwai na safe

Ta biyun ta zo jiya. Safa biyu, na ulu, waɗanda surukata Glenys ta saƙa. Kwalbar ruwan zafi a ƙasan bargo. Filasta a kan filasta. Na karanta shafi ukun sau huɗu kamar mai shirin jarrabawa. Jan hasken bai ƙifta ba ko sau ɗaya, na san haka domin ina kallon sa ta cikin safar har gari ya waye.

Wannan karon ba su da abin cewa. Awa tara cif.

Wade ya shigo daga fili wajen shida, hannunsa duk jini da majinar haihuwa, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Elsie yana kallon katifata a ƙasa. Ya ce, "Tamsin, yaushe za ki dawo ɗakinmu? Na fara mantawa da wane gefe ne naki."

Na ce, "In an gama gwaji."

"Haka kika ce da za ta yi haƙori."

Ya tafi wanka. Kafaɗar nan dai.

Lahadi, 22 ga Yuni, biyu na rana

Coci, sannan abincin rana a gidan Glenys, can bayan rumfar askin tumaki. Gasasshen naman rago da kabewa, kamar kowace Lahadi tun da aka kawo ni gidan nan. Elsie ta yi barci a zaune kafin a kawo kayan zaƙi, baki buɗe, tana jan numfashi kamar ana jan kujera a siminti.

Glenys ta ce, "Ke dai kina wahalar da kanki, 'yata. Duk zuri'ar Heinrich haka suke. Uban Wade in ya fara, har kofuna rawa suke yi a kan kanta. Shekara arba'in da ɗaya na kwana kusa da injin niƙa."

Na ce, "Shi uban Wade yana fitsarin kwance?"

"A ƙarshe-ƙarshe, e."

Wade ya ƙware da shayi. Ni ma na yi dariya, ban so ba. Ana cikin haka sai minsharin ya tsaya. Shiru. Na miƙe, na je, na dawo, aka ci gaba da hira. Da na zauna na ga Glenys tana kallona ta saman tabarau.

Da aka tashi daga coci ta bi ta baya, wajen kaburbura, da furanni, kamar yadda take yi. Ni na jira a mota.

Juma'a, 27 ga Yuni, huɗu na yamma

Lafiya lau.

Abin da takardar ta ce ke nan. Noelene ta kira ni in zo, na yi tuƙin minti hamsin, ta juya mini allon kwamfuta. Layi a miƙe, ɗan lanƙwasa nan da can. Iskar jininta ba ta sauka yadda za a damu ba. An sa ta a layin da ba na gaggawa ba.

Na ce, "Noelene, kin san ni. Na yi miki kama da mai ƙirƙirar ciwo?"

"Ban ce ba, Tamsin."

"Yarinya tana daina numfashi. Ƙirjinta yana lotsawa. Ba ta ƙara ko rabin kilo ba tun Kirsimeti."

"Na sani. Gwajin gida ba ya kama kowa. In ya nuna, to akwai. In bai nuna ba, ba a ce babu ba." Ta ce akwai babban gwajin, wanda ake kwana a asibiti da wayoyi a ka, amma layinsa ya fi na aikin ma tsawo. Sannan ta sassauta murya, irin yadda mutanen garin nan suke yi mini shekara bakwai ke nan, ta ce, "Ke kuma fa? Kina samun barci? Wata mai zuwa ne, ko?"

Noelene ce ta zo waccan safiyar. Ba ta da laifi. Na ɗauki jakata na ce ina da tumaki.

A hanya na tsaya gefen titi kusa da rumbunan alkama, na kashe mota, na zauna. Ban san minti nawa ba.

Asabar, 28 ga Yuni, tara na safe

Wade ya ce ai labari ne mai daɗi. Wai likitoci sun ce lafiyarta ƙalau, me kuma nake so.

Na ce ina so ya zo ya kwana a ɗakin dare ɗaya ya ji.

Ya ce, "Kin taɓa bari na? Sau nawa na ce ki je ki kwanta in zauna?"

Na ce shi in ya sa kai a matashi ko gidan ne ya kama da wuta ba zai ji ba. Da na faɗa na ga fuskarsa, na so in mayar da maganar ciki. Ya ɗauki hularsa a hankali, ya kira karnuka, ya fita. Bai buga ƙofa ba. Da ma ya buga.

Litinin, 30 ga Yuni, da hantsi

Na gaji. Ba irin gajiyar da barci yake magani ba, ko da yake ban gwada ba.

Laraba, 2 ga Yuli, ɗaya da rabi na rana

Linh ta sake kira, ba wanda ya sa ta. Ina tsakiyar shanya kayan gado.

Ta ce takardar Elsie ta hana ta sukuni, ta sake buɗe ta a lokacin cin abincinta. "Akwai abin da ban gane ba. Layin yana fara sauka, kaɗan, kamar zai faɗi. Kafin ya faɗi sai in ga motsi, sai ya koma sama. Sannan bayan minti shida ko takwas, haka kuma. Na ƙirga, sau sittin da uku. Yaran da suke farkar da kansu ba sa yi da wuri haka, kuma ba sa yi daidai-wa-daida kowane karo. Akwai wanda yake kwana tare da ita?"

Na ce ina kwana a ƙasa, gefen gadon.

"Kina taɓa ta?"

Na ce takardarsu ce ta ce a yi yadda aka saba.

"Haka ta ce. Me kuka saba?"

Ina riƙe da maƙalin shanya a baki, na cire shi. Na ce tukunyata tana ƙonewa, zan kira ta. Babu komai a kan wuta.

Alhamis, 3 ga Yuli, biyar na yamma

Wata tsohuwar tunkiya ta haifi tagwaye a rumfa da safe, na biyun ya fito a sanƙare, ba ya motsi. Na share masa hanci, na sa tafin hannu a haƙarƙarinsa na murza sau biyu da ƙarfi, na tura kafaɗarsa, ya yi atishawa ya ja iska. Abin da nake yi tun ina 'yar shekara tara a gonar babana. Ba na ma tunani, hannun ne yake yi.

Glenys tana jingine da shinge da bokitin madara. Ta ce, "Ga shi nan."

"Me?"

"Abin da kika yi wa yarinyar ranar Lahadi a kan kujerata. Murza biyu, tura ɗaya. Na ce a raina, wannan ta mayar mini da jika ɗan tunkiya."

Na ce mata abin da Linh ta faɗa. Ban yi niyya ba, ya fito ne kawai. Ta ajiye bokitin.

"Sau sittin da uku. A dare ɗaya."

"Haka ta ce."

"Shekara biyu?"

Na ce e.

"To ai na'urar ba ta yi ƙarya ba, 'yata. Ke ta auna. Ta ce kina aikinki da kyau."

Zan rubuta shi a nan sau ɗaya, tunda ba wanda zai karanta. Ina kwana da hannuna na dama a miƙe, ta ƙarƙashin bargonta, a kan haƙarƙarinta. In minsharin ya tsaya, hannun ya murza. Wani lokaci ina farke, wani lokaci ban sani ba. Ni na ɓata gwajin. Ni na jefa ta layin shekara ɗaya da rabi da hannuna.

Juma'a, 4 ga Yuli, goma na safe

Na kira Linh na gaya mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce ba ni ce ta farko ba, sai dai ba ta taɓa ganin mai saurina ba. Ta yi magana da likita, ya yarda a sake na uku. Na ƙarshe, domin akwai wasu yara suna jiran na'urar.

Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa ta. In numfashin ya tsaya, a bar ta. Jikinta zai farkar da ita da kansa, in ji likita, haka yaran nan suke yi kowane dare a gidajen da ba a kiwon tumaki. In leɓenta ya canza launi, ko ta wuce daƙiƙa talatin, to a tashe ta a kira lambar da ta ba ni.

Na ce, "Kin tabbata za ta farka?"

Ta ce, "Likita ya tabbata. Ni kuma na ga dubban darare irin wannan a allona."

Na so in ce mata ni dare ɗaya na gani. Na ce na gode.

Lahadi, 6 ga Yuli

Yau ce. Wade ya zuba wa itacen da muka dasa a bakin ƙofa waccan shekarar ruwa ko da yake an yi ruwan sama. Ban je coci ba.

Talata, 8 ga Yuli, shida na yamma

Ta iso. Jakar dai ita ce, mai ruwan toka.

Wade ya ɗauke katifata daga ɗakin Elsie da kansa, ya jingine ta a baranda. Ya ce shi zai zauna kusa da gadon da agogo a hannu. Ya sha kofi uku tun yanzu, ya kuma ɗauko kujerar katako mai karyayyen baya, wai ko waliyyi ba zai iya barci a kanta ba. Bai ambaci abin da na ce masa ba. Ni ma ban ba shi haƙuri ba tukuna.

Glenys ta ce za ta zo bayan cin abinci. Na ce ba sai ta zo ba. Ta ce ba tambayata ta yi ba.

Elsie ta ce, "Yau ma tarakta?" Na ce yau ma.

Laraba, 9 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Bari in rubuta tun ban manta da tsarinsa ba.

Glenys ta zo da kwando. A ciki ɗan tunkiyar nan na ranar Alhamis, uwarsa ta ƙi shi, ya rame, yana rawar sanyi. Ta ajiye kujeru biyu a bakin ƙofar ɗakin, daga waje, ta zaunar da ni, ta ɗora mini shi a cinya cikin tsohon tawul. Ta ce, "Riƙe. Hannun nan naki ba ya jin magana, gara a ba shi aiki."

Daga inda nake ina ganin jan hasken ta cikin safa, da bayan Wade.

Na farkon ya zo kafin ƙarfe tara. Minshari, minshari, sai ɗif. Ban san na miƙe ba sai da na ji Glenys ta danne mini gwiwa. Ƙarfin matar nan, shekara saba'in da ɗaya. Wade yana ƙirgawa a hankali, ina jin sa. Takwas. Tara. Ƙirjinta yana ja, ba abin da yake shiga. Goma sha huɗu. A sha shida ta yi wata irin shaƙuwa, ta juya kai, ta ja iska, minsharin ya dawo. Ita kaɗai. Na duba cinyata, ashe ɗan tunkiyar nake murzawa, yana kallona da mamaki.

Haka muka yi ta yi. Sha biyu. Sha tara. Goma. Wade bai juyo ba ko sau ɗaya, sai dai ya ɗaga fitilar hannu ya duba leɓenta ya ce, "Ja ne." Na daina ƙirga sau nawa.

Wani ya kai ashirin da huɗu. A ashirin na ce, "Wade." Ya ce, "Ina gani." A ashirin da biyu na ce masa abin da ba zan rubuta ba. Da ta ja iskar, na ji duk jikina ya saki, na kifa kaina a kan ulun ɗan tunkiyar nan mai wari, maganar ta fito da kanta.

Na ce, "Na yi barci ranar."

Glenys ba ta tambaye ni wace rana ba.

"Awa bakwai. Tun da na haife shi ban taɓa samun irinsa ba. Na farka na ga rana ta fito, gida shiru, na ji daɗi, Glenys. Na yi miƙa. Na ce yau Fergus ya kyauta mini."

Shekara bakwai, tun safiyar da muka tarar ya rasu a barci, ban faɗi sunansa da ƙarfi ba. Na ga bayan Wade ya motsa, amma idonsa yana kan agogo.

Glenys ta ce, "Ni ma na yi barci ranar. Wade ya yi. Noelene ta yi. Duk gundumar nan barci muka yi, dare ne. Likitoci uku sun gaya miki ko a kan ƙirjinki yake da ba ki ji ba." Ta gyara tawul ɗin. "Wannan kuma ba shi ba ce. Wannan ƙatuwar Heinrich ce mai jifan karnuka da cokali. Kalle ta, ga ta nan za ta sake."

Ta sake. Sha ɗaya. Ta farkar da kanta.

Gari ya waye ban taɓa ta ba. Wade ya cire filastar da shida da rabi, ya miƙe da ƙyar, ya zo ya tsaya a kaina, idanunsa jajur. Na ce, "Ka yi haƙuri da maganar waccan Asabar." Ya ce, "Ba ni wannan abin tausayin kafin ki murje masa ulu gaba ɗaya."

Elsie ta tashi a galabaice fiye da kullum, ta yi kuka a kan launin kofi. A layi biyar ɗinsu na rubuta: ba a taɓa ta ba.

Talata, 15 ga Yuli, uku saura kwata

Linh ta kira da kanta. Layin ya faɗi, ya sake faɗi, dare guda kamar haƙoran zarto. Likita ya ce mai tsanani ne. Za a yi mata aiki ranar 24 ga wata, a Adelaide, mu zo da shirin zama mako biyu kusa da asibiti bayan aikin.

Na ce, "Na gode, na gode," kamar wadda aka yi wa albishir. An ce mini 'yata ba ta da lafiya sosai, ni kuma ina ta godiya a tsaye cikin rumfa da takalmin roba. Na je na gaya wa Wade a filin arewa, ya cire hula ya sake sawa, ya ce to wa zai kula da tumaki. Glenys, mana.

Na mayar da katifata ɗakin har zuwa ranar. Linh ta ce yanzu in taɓa ta yadda na ga dama.

Alhamis, 24 ga Yuli, biyar na yamma, Adelaide

An yi. Minti arba'in. Likitan ya ce bai san ta inda iska take bi ba. Elsie tana shan ƙanƙara mai zaƙi tana hararata.

Talata, 29 ga Yuli, da rana

Zafin maƙogwaro, magani kowane awa shida, ƙarar motoci. Na nemi in ga Linh in gaishe ta, aka ce ranar hutunta ce. Na bar mata safa ɗaya daga cikin na Glenys da 'yar takarda. Ban san me ya sa safa ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, bakwai na yamma

Mun dawo jiya, awa shida da rabi a hanya. Ɗan tunkiyar ya yi ƙiba, yana bin Glenys har cikin kicin. Elsie ta sa masa suna Tarakta.

Ba ta minshari. Ko kaɗan. Ba wanda ya gaya mini shirun zai fi ƙarar wuya. Jiya sau tara na tashi na je bakin ƙofarta na tsaya, hannuna a hammata. Bakinta a rufe, bargon yana hawa yana sauka. Wade ya kai katifar rumfar aski ya kulle, makullin yana aljihunsa.

Lahadi, 10 ga Agusta, tara da rabi na safe

Na farka na ga rana a jikin labule. Agogo ya ce takwas saura ashirin. Gefen Wade babu kowa, ya fita fili. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne na kwanta da goma da niyyar in tashi bayan rabin awa.

Gidan shiru.

Ban iya motsi ba. Na kwanta ina kallon rufi, hasken nan dai, shirun nan dai, ƙafafuna sun ƙi sauka daga gado. Ɗakinta taku goma sha biyu ne daga nan, na san adadinsu. Na fara ƙirgawa kamar Wade. Na kai talatin, na wuce.

Sai na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas a kan katakon baranda, kofato huɗu, da wasu ƙafafu biyu marasa takalmi a bayansu. Ƙofa ta buɗe. Tarakta ya fara shigowa, sannan ita, gashi a hargitse, zuma a haɓa, kumatunta ja.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu kamar kakarta ta ce, "Mama, ke fa minshari kike yi. Tun daga ɗakina nake jin ki. Na zo na taɓa ki sau biyu, kin ƙi dainawa."

Na ce, "A ina kika taɓa ni?"

Ta hau gadon, ta sa ɗan tafin hannunta mai danƙon zuma a haƙarƙarina, ta murza sau biyu, ta tura kafaɗata.

"Haka ake yi," in ji ta.